Motocin Gudu A Abuja: Ga Mai Doki, Ina Fili?

Mazauna tsakiyar birnin Abuja sun riga sun saba da wata irin ƙara da kan tashi da yammacin Lahadi, ko kuwa can cikin dare bayan sawu ya ɗauke. Rurin injuna ne da kukan tayoyi a kan kwalta, sau da yawa har da hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba. Samari ne, galibinsu 'ya'yan masu hali, kan fito da motocin BMW da Mercedes da Lexus, jefi-jefi har da Porsche ko Mustang, su sami wani faffaɗan titi ko mahaɗar hanya su dinga wulwula mota tana zamiya, 'yan kallo kuwa sun yi musu zobe, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Rundunar 'yan sandan birnin ta sha yin gargaɗi, ta kuma sha kama motoci, amma da zarar ƙura ta lafa sai a koma gidan jiya.

Ba abin mamaki ba ne da wannan wasa ya sami gindin zama a Abuja. Tun lokacin da Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar sabon babban birni cikin watan Fabrairu na 1976, an zana garin ne da tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, domin kauce wa irin cunkoson da ya shaƙe Ikko. Gwamnatin Tarayya ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, daga baya kuma aka faɗaɗa hanyar filin jirgin sama da ta Kubwa har kowacce ta zama mai layi goma. A ranakun aiki titunan nan cike suke maƙil. Ranar Lahadi kuwa, ma'aikata sun koma Nyanya da Kubwa da Suleja, sai tsakiyar gari ya zama fayau. To, saurayin da ke riƙe da sitiyarin motar da aka ƙera domin ta yi kilomita 250 a sa'a, ya dubi gabansa ya ga kwalta shimfiɗe babu kowa, ba sai an tambayi abin da zuciyarsa ke raya masa ba.

Doka dai ba ta bar wani wurin shakka ba. Bisa ga ƙa'idar hanya wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke aiki da ita, hukumar da aka kafa a 1988, ƙaramar motar gida ba za ta wuce kilomita 50 a sa'a cikin gari ba, 80 a kan hanyar da ta haɗa garuruwa, 100 a kan babban titi mai raba hannu. Akwai lissafi a bayan waɗannan lambobi. Motar da ke gudun kilomita 50 tana cin wajen mita 14 cikin daƙiƙa guda, mai gudun 150 kuwa tana cin kusan mita 42. Abin da yawancin direbobi ba su lura da shi ba shi ne, in gudu ya ninka sau uku, nisan da mota ke bukata kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka sau tara. A kan titin gari, cikin wannan nisa akwai turken fitila, da bakin kwalbati, da mai tallar rake, da ma'aikacin da ya taso daga aikin dare yana neman tsallakawa.

Wannan matsala tsohuwa ce, kuma ba Abuja ta fara gamuwa da ita ba. A Ingila, dokar 1903 ta ƙayyade gudun mota ga mil 20 a sa'a, tsere a kan hanyar jama'a kuma ba a yarda da shi ba. Sai wani attajiri mai suna Hugh Locke King ya ware wani ɓangare na gonarsa, ya zuba dukiyarsa ya gina filin Brooklands, aka buɗe shi a 1907, ya zama fili na farko a duniya da aka gina musamman domin gudun motoci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen ƙasar suka mai da tsofaffin filayen jiragen yaƙi wuraren gudu, kuma haka filin Silverstone ya samo asali. A Amurka, wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiya a 1951 da niyyar kwashe samari masu tsere daga titunan gari zuwa wuraren da aka killace. Ko Saudiyya, inda samarin Riyadh suka yi ƙaurin suna wajen zamiya da mota, hanya biyu ta bi. A 2016 ta ɗaga tarar laifin zuwa Riyal 20,000 a kamun farko, a gefe guda kuma akwai filaye irin na Reem, kusa da birnin, inda mai sha'awa zai je ya kashe ƙishirwarsa.

Bahaushe ma ya daɗe da sanin wannan hikima, ta fuskar doki. Ba a sukuwa a tsakiyar kasuwa. Shi ya sa Kano take da filin sukuwa, Katsina kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko take da filin ƙwallon dawaki, inda ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna. Mai ingarma yakan je can ya saki linzami, in ya dawo cikin gari ya tafi da sassarfa.

Abin da masu motoci a ƙasashen waje suka ƙago mai kama da haka shi ne wanda za a iya kira ranar fili. Mutane ashirin ko talatin masu sha'awar motocin gudu sukan haɗa kuɗi, su yi hayar filin tsere na yini guda, kowa ya zo da motarsa ta hawa, a rufe ƙofa, a yi ta zagaye. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ranar fili dabam take da gasar tsere. Babu na ɗaya, babu na biyu, babu kofi, kuma a mafi yawan wurare an hana riƙe agogo domin auna lokaci, saboda da zarar an fara ƙirga daƙiƙu hankali yakan gushe. Manufar ita ce mutum ya san motarsa, ya san iyakar gwanintarsa, a wurin da kowa hanya ɗaya ya fuskanta, babu mai tahowa daga gaba, babu mai tsallakawa, in kuma mota ta kufce akwai fegi na tsakuwa ko ciyawa da zai tare ta. A filin Nurburgring na Jamus, wanda aka buɗe a 1927, mai tsawon kusan kilomita 21, akwai ranakun da kowane mai lasin zai biya kuɗin zagaye ya shiga da motarsa.

Matsalar Wuri

Ga duk wanda ya ɗauki nauyin shirya irin wannan rana a Abuja, tun a matakin farko zai ci karo da bango. Birnin yana da filin ƙwallon dawaki na Guards, yana da filin golf na IBB, har da zagayen tseren keke a harabar babban filin wasa na Moshood Abiola wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, amma ba shi da fili na dindindin da aka shimfiɗa wa kwalta domin gudun motoci. Wanda aka fi sani a Nijeriya yana Evbuobanosa, cikin Ƙaramar Hukumar Orhionmwon ta Jihar Edo, inda aka fara tsere a 2017. Daga Abuja tafiyar fiye da kilomita 400 ce, ta Lokoja da Okene, kuma motar gudu, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa, ba ta jure ramukan hanya. Sai dai a ɗora ta a kan babbar mota, wannan kuwa wani kuɗi ne. Senegal tana da fili mai tsawon kilomita 4.7 a Sindiya, wanda aka buɗe a 2008. Afirka ta Kudu tana da Kyalami tun 1961, kuma da aka yi gwanjonsa a 2014 wani dillalin motocin Porsche ya saye shi a kan Rand miliyan 205 ya gyara shi. Akwai 'yan Nijeriya masu ƙarfin zuwa can ko Dubai, amma su nawa ne?

Abin da ya rage wa mai shiri a Abuja shi ne ya nemi wani babban fili mai kwalta wanda za a iya rufewa ruf, kamar makekiyar farfajiyar ajiye motoci, ya sami izinin masu wurin a rubuce, sa'an nan a jera robobin alama a fitar da hanya mai yawan kwana. A irin wannan tsari mota ɗaya ce ke shiga a lokaci guda, kuma saboda kwanonin sun yi kusa da juna, gudu ba ya yin yawa, ga shi kuwa a nan ne direba ke koyon abin da ya fi amfani, watau sarrafa sitiyari da birki. Masu son su ga allurar gudu ta kwanta za su raina wannan. Gaskiyar magana ita ce, taka totur a miƙaƙƙiyar hanya ba gwaninta ba ce, ko yaron mota ya iya.

Rufe titin gwamnati kuwa magana ce mai nauyi, wadda ta shafi Hukumar Gudanarwar Birnin Tarayya, da 'yan sanda, da jami'an duba motoci, da Hukumar Kiyaye Haɗurra. An taɓa ganin hukuma ta sa hannu a harkar wasan motoci, domin cikin watan Maris na 2020 daga Abuja ne ayarin motocin bikin kamun kifi na Argungu ya tashi, lokacin da Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, yake shugabancin hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Sai dai ko an sami izini, titin gari yana nan da turakunsa da kwalbatocinsa. Haka kuma yana da kyau mai shiri ya tuntuɓi ƙungiyar Automobile and Touring Club of Nigeria, wadda ke wakiltar ƙasar nan a hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, domin ƙa'idodin tsaro a rubuce suke, ba sai an ƙago sababbi ba.

Lokaci ma abin dubawa ne. Damina a Abuja takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, zafin Maris kuwa yakan gallabi inji da direba baki ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi dacewa, amma a share filin da sassafe, don ƙurar hunturu in ta kwanta a kan kwalta tana sa santsi.

Kafin A Tada Inji

Aikin da ya fi kowane muhimmanci ana yinsa ne tun mota ba ta motsa ba, kuma a nan ne ake gane mai shiri na ƙwarai. Dole kowace mota ta bi ta hannun bakanike wanda ba ya jin kunyar mai ita. Abu na farko taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta tsufa bayan shekara huɗu da yin ta, kuma kasuwanninmu cike suke da tayoyin gwanjo masu kyawun gani waɗanda robarsu ta riga ta bushe. Taya mai faci a gefe, ko mai ƙulu, ba ta shiga fili ko da ta wane ne.

Na biyu birki, wanda shi ne ke fara gazawa. A kan hanya direba yakan taka birki da ƙarfi sau ɗaya ko biyu a yini, a fili kuwa sau da yawa cikin kowane zagaye, har ƙarfen ya yi zafi ƙwarai. Man birki yana da wata ɗabi'a, yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai irin wanda ake kira DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya daɗe ya sha ruwa, a wajen digiri 155 yana iya tafasa. In ya tafasa kuwa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Motoci da yawa a ƙasar nan tun da aka sauke su daga jirgin ruwa ba a taɓa juye musu man birki ba. Sai a duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da notunan taya, a tabbata babu abin da ke yoyo, domin man da mota ɗaya ta zubar a kwana shi zai kayar da ta bayanta. A kwashe duk wani tarkace daga cikin mota, har da gorar ruwa, don tana iya gangarawa ta shige ƙarƙashin abin taka birki. Hular kwano da bel wajibi ne, lasin tuƙi kuma a gan shi da ido.

Bayan duba motoci sai taron bayani, wanda duk wanda ya makara bai ji shi ba, ba zai shiga ba. A nan ake raba mutane rukuni-rukuni bisa ga ƙwarewarsu. Wannan wuri yana da wuyar sha'ani a garin da kowa ɗan wani ne, domin mai mota mafi tsada yakan ɗauka shi ya fi kowa iyawa, alhali sau da yawa shi ne sabon shiga. Ƙarfin mota ba ya cikin lissafi. Wanda bai taɓa shiga fili ba, rukunin farko zai tafi, gwani ya zauna a gefensa, ko kuwa a sa mota a gaba tana nuna musu hanya a hankali. In motoci talatin ne, a raba su goma-goma, kowane rukuni ya yi minti ashirin ya fito. Daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma, in an cire sa'a guda ta sallar Azahar da cin abinci, kowane direba zai sami sa'a biyu a fili, abin da ya ishi mutum ya ishi mota.

A taron ne kuma ake koyar da harshen tuta, tun da direban da ke cikin hular kwano ba ya jin kira. Tuta mai ruwan ɗorawa na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce kowa. Ja na nufin an tsai da zagaye. Shuɗiya tana gaya wa direba cewa wanda ya fi shi sauri yana bayansa, ya ba shi hanya. Baƙa kuwa kira ne ga mutum ɗaya, ya fito ana son magana da shi. Mai gida-gida baƙi da fari ita ce ta tashi. Wuce mota sai a miƙaƙƙen wuri, ta gefen da aka amince, kuma sai na gaba ya ba da alama. A kowace kwana a tsai da mutum mai tuta da abin kashe gobara da na'urar magana, kuma a ba mutum ɗaya tak ikon tsai da komai, wanda in ya ce wane ya fita, ba a ɗaukaka ƙara. Ƙungiyar da ba za ta iya korar wanda ya fi kowa ba da gudummawa ba in ya karya doka, gara ta haƙura da shirin tun da wuri.

Ba a tada inji sai motar asibiti da ma'aikatanta sun iso, tare da janwe. In motar asibitin ta tafi da wani, a dakata har ta dawo. Mai shiri ya san hanya mafi kusa zuwa Babban Asibitin Ƙasa, inda akwai cibiyar kula da waɗanda suka yi haɗari, ya kuma riƙe lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122.

Sai 'yan kallo, waɗanda su ne suka fi shiga hatsari a wasan da ake yi yanzu a titunan Abuja. Duniyar tseren mota ta koyi wannan darasi da jini. Ranar 11 ga Yuni, 1955, a Le Mans ta ƙasar Faransa, wata Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta tashi sama ta tarwatse cikin jama'a, mutum fiye da 80 suka mutu, har ƙasar Suwizalan ta haramta irin wannan tsere na tsawon fiye da shekara sittin. Igiya ko kintinkiri ba shinge ba ne. Mutane su tsaya nesa, bayan katanga ko tubalan kankare, kuma kada a bar kowa a wajen kwana, inda mota ke nufa in ta ƙwace. Mafi sauƙi ga ƙungiya mai farawa shi ne ta taƙaita masu shiga, kowane direba da baƙo ɗaya ko biyu, ta kuma guji yayata wurin a Instagram kafin ranar.

Maganar kuɗi ita ke raba abokai. Hayar wuri, da motar asibiti, da janwe, da ladan masu tuta da masu gadi, duk sai an biya su ko mota biyar ce ta zo ko talatin. Saboda haka a karɓi kuɗin kowa tun da sauran makonni, a kuma faɗa a fili cewa wanda ya fasa ba a mayar masa. Kowane direba ya sani cewa motarsa za ta sha mai ninkin abin da ta saba, tayoyi da birki kuma za su ci, ga shi tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 lita ta daina zama abin wasa.

Inshora kuwa wani rami ne da mutane da yawa ba su gani sai sun faɗa. Takardar da yawancin masu motoci ke riƙe da ita, wadda kuɗinta ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ta ɓarnar da aka yi wa wani ce, ba ta gyara motar mai ita. Ko babbar inshora ma, a bisa al'ada takan cire tsere da gwajin gudu daga abin da take biya, don haka mai mota ya tambayi kamfaninsa a rubuce kafin ranar. Al'adar ranar fili a ko'ina ita ce kowa ya ɗauki asarar motarsa, ko da wani ne ya buge shi. Wannan sharaɗi yana da ɗaci, shi ya sa ake sa lauya ya rubuta shi, kowa ya karanta ya sa hannu da safe, lokacin da fuska ke sake.

Zagayen ƙarshe na kowane rukuni a hankali ake yinsa domin iska ta sanyaya birki da inji, in an tsaya kuma ba a jan birkin hannu sai ƙarfe ya huce. Da yamma a sake duba iskar tayoyi da notuna, a kwashe robobi, a share wurin a mayar wa masu shi yadda aka same shi, don ta haka ne za su yarda su sake bayarwa. Masu shirya irin wannan rana a ƙasashen da suka daɗe da ita sukan ja kunnen direbobi game da hanyar komawa gida, saboda wanda ya yini yana gudu, kilomita 100 takan zame masa kamar tafiyar ƙasa. Don haka ba a barin motoci su fita a ayari. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu daga bakin ƙofa, da 'yar tazara a tsakani.